Kogi, Rawa da Sauti: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Shirya Wasan Al'umma a Bakin Ruwa

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga shugabannin ƙungiyoyin wasan kwaikwayo, da malaman makaranta, da makaɗa, da matasan da suke son shirya wasa a kan kogin garinsu. Kowace amsa tana iya tsayawa da ƙafarta, amma inda magana ta haɗu da wata an nuna wa mai karatu inda zai duba.

Mene ne ainihin wannan aiki, kuma da me ya bambanta da wasan gargajiyar da ake yi wa manyan baƙi?

Aiki ne da mutanen gari suke haɗuwa su shirya da kansu, suna amfani da motsin jiki, da kiɗa, da waƙa, da sautin ruwan kansa, domin su bayyana yadda suke zaune da kogin da ke kusa da su, wato abin da yake ba su, da abin da ya karɓe musu, da yadda ya sauya a kan idonsu. Galibin masu yin sa ba ƙwararrun 'yan rawa ba ne. Masunta ne, da 'yan fito, da manoman fadama, da mata masu bandar kifi, da masu ɗibar yashi, da ɗalibai, sai mutum ɗaya ko biyu da suka san tsara wasa su riƙe musu ragama.

Wasan da ake yi wa baƙi an riga an san takunsa, ɗauko shi ake yi a shirye, kuma ana iya nuna shi a filin da babu ko ɗigon ruwa. Wannan kuwa a wurin ake haifar sa, kuma makonnin da ake kwashewa ana zama da hira da sauraro sun fi ranar nunawa nauyi. Wasan da aka tsara a Yawuri ba zai dace da Gashuwa ba, domin ruwan da mutanen ba ɗaya ba ne.

Shin wannan ba baƙon abu ba ne da aka kwaso daga Turai?

Sunan da ake kiran sa da shi a takardun neman tallafi baƙo ne, amma abin da ke cikinsa ya daɗe a ƙasar nan. Misalin da ya fi kusa shi ne bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a tsarin da aka san shi da shi a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da ta tabbatar da sulhu bayan daɗaɗɗiyar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogin Matan Fada, inda ake yin bikin, ya san cewa kafin idonsa ya ga kifi kunnensa ya cika: ƙarar bindigar da ke ba da izini, da gudun dubban mutane ɗauke da homa, wato ragar kamun kifi ta hannu, da gora, da makaɗa a cikin kwale-kwale, da masu girgiza goruna masu ƙwaya a ciki domin su koro kifi zuwa inda ruwa ba shi da zurfi. A nan sauti kayan aiki ne kamar homa, kuma motsin masuntan da kansa, yadda mutum yake kifa ƙirji a kan gora yana buɗe homa biyu kamar fikafikai, rawa ce ko da babu wanda ya kira ta haka. Wasannin kabanci, irin su tseren kwale-kwale, da kamun kifi da hannu, da kamun agwagwar ruwa, duk nuna ƙwarewar jiki ne a cikin ruwa a gaban jama'a.

Ba Argungu kaɗai ba ce. Akwai Rigata a Yawuri, da bikin kamun kifi na Bade a Gogaram ta jihar Yobe, da na Nwonyo a Ibi ta jihar Taraba, kuma a Nijar masuntan Sorko na Zabarmawa da Songai suna da kirari da waƙoƙin kogin Kwara da suke gadar wa 'ya'yansu. Abin da yake sabo shi ne na'urar ɗaukar sauti, da kuma niyyar a sa mutanen da ba su gaji sana'ar ruwa ba su shiga a yi da su.

Me ya sa za a bi ta rawa da sauti, alhali ana iya yin lacca ko a rubuta rahoto?

Domin yawancin abin da mutanen ruwa suka sani a jikinsu yake. Idan aka tambayi ɗan fito yadda yake gane inda yashi ya taru a ƙarƙashin ruwa, amsarsa ba za ta wuce jimla biyu ba, amma idan aka miƙa masa gwangwala aka ce ya nuna, sai a ga yadda yake sauya tsayuwa, da yadda yake jin ƙasa ta tafin hannunsa. Haka kuma akwai abin da mutum ba zai faɗa a taro ba saboda kunya ko tsoro, amma zai iya sa shi a baitin waƙa, kowa ya gane, babu wanda zai kama shi da laifi. Hausawa sun daɗe da sanin amfanin habaici. Lacca tana da ranarta, sai dai mai lacca shi ne yake magana, jama'a su saurara, a nan kuwa so ake a juya zaman.

Wa ya kamata a fara gaisarwa kafin a soma komai?

Ruwa yana da masu shi. A yawancin garuruwan bakin kogi akwai Sarkin Ruwa, a Argungu kuma akwai Homa, shugaban masunta, kuma su ne suke da ta cewa a kan ranar da za a shiga wani gurbi da ranar da ba za a shiga ba. Tsarin da ya fi dacewa shi ne a fara da mai unguwa ko dagaci, shi ya haɗa ku da Sarkin Ruwa, sannan a je wurin limami, sannan shugabannin 'yan fito da na mata masu sana'ar kifi. A je da goro, a zauna, a faɗi abin da ake nufi ba tare da ƙumbiya-ƙumbiya ba, musamman maganar ɗaukar hoto da inda za a nuna shi.

Na taɓa yin kuskuren tsallake wannan mataki a wani gari da ba sai na ambaci sunansa ba. Mun isa da takardar izini daga ofis, muka zarce bakin ruwa da kayanmu, muka nemi jirgi. Kowane ɗan fito muka tambaya sai ya ce jirginsa yana yoyo. Sai da wani dattijo mai gyaran taru ya dube ni ya ce, "Yaro, wa ya ba ku ruwan?" sannan na gane inda matsalar take. Washegari muka koma ta ƙofar da ta dace, Sarkin Ruwa ya ce, "Ai da kun zo tun jiya," kuma jiragen nan duka suka daina yoyo a dare ɗaya.

Garinmu ba shi da babban kogi, sai rafin da yake ƙafewa da rani. Za mu iya yi?

Ƙwarai kuwa. Gulbin Maraɗi, wanda ya taso daga ƙasar Katsina ya ratsa Nijar ya dawo ya haɗu da Rima, yashi ne zalla a mafi yawan watannin shekara, amma mutane suna tona shi su sami ruwa, suna noman rani a gefensa, kuma ranar da ruwan farko ya sauko yara sukan bi shi da gudu. Wannan jira da wannan saukowa sun isa a gina wasa a kansu. A Kano ma akwai Jakara, rafin da kasuwar Kurmi ta girma a gefensa, wanda a yau an mayar da dogon sashe nasa magudanar kankare, har yara da yawa suna ɗaukar sa kwata ce kawai. Tsofaffin unguwannin da ya ratsa suna riƙe da labarinsa, kuma sautin da za a ɗauka a wurin, ko da na ruwan datti ne da ƙarar babura, shi ne gaskiyar halin da rafin yake ciki. Tafki da kududdufi da fadama duk suna shiga wannan lissafi.

Yaya ake ɗaukar sautin kogi, kuma waɗanne kayan aiki ake buƙata?

Matakin farko ba ya buƙatar ko sisi. A kai mahalarta bakin ruwa da asuba bayan salla, kowa ya zauna shiru na minti goma, sannan kowa ya faɗi abin da ya ji. A karon farko mutane sukan ce "ruwa" da "tsuntsaye". A karo na uku sai ka ji ana bambanta ƙarar filafili idan ya shiga ruwa da ƙararsa idan ya bugi gefen jirgi, da faɗuwar birgi, wato ragar da masunci yake jefawa, da bugun wanki a kan dutse, da injin ban ruwa daga tsallake, da kiran ɗan fito. Daga nan ne za a san abin da ya cancanci ɗauka.

Wayar hannu ta isa a fara da ita, amma babban maƙiyinta iska ne, musamman a lokacin hunturu. A rufe bakin makirfon da soso ko safa mai kauri, a juya wa iska baya, a sa abin ji a kunne ana ɗauka ana saurare, domin babu takaici kamar a koma gida a tarar da awa guda ta "fuuu" kawai. Kowane sauti a rubuta masa rana da wuri da sunan wanda ya ɗauka. Idan da hali, a nemi makirfon ƙarƙashin ruwa, wanda ake zura shi da igiya. Sauti yana tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa guda a cikin ruwa, a iska kuwa kimanin mita 340 ne, shi ya sa za a ji injin jirgi ta ƙarƙashin ruwa a fili tun yana nesa. Za a kuma ji gogar yashi yana tafiya a ƙasan kogi, da ƙananan ƙwari, da kifi.

Maganar kifi takan ba 'yan birni dariya, amma masunta ba sa dariya. Duk wanda ya taɓa cire ƙurungu daga koma ya ji yadda yake wani irin gurnani idan ya motsa ƙayoyin da ke gefen ƙirjinsa. Ranar da muka sa wa wani tsohon masunci abin ji a kunne, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ambaci sunan abin da yake ji, ya kuma nuna da leɓe inda yake kwance. Amfanin na'urar a wannan rana shi ne ta sa ɗaliban da ke tare da mu suka yarda da abin da ya daɗe da sani.

Daga ina ake samo takun rawar?

Daga aikin ruwa. A roƙi kowane mai sana'a ya nuna motsi uku da yake maimaitawa kullum: jifan birgi, wanda yake farawa daga ƙugu ya ƙare a yatsu, jan taru, inda mutane da yawa suke ja da baya a layi da numfashi ɗaya, tuƙi da filafili, kwarfar ruwa daga cikin jirgi, ɗaukar tulu da sauke shi, tafiya cikin taɓo, wadda take tilasta wa mutum ɗaga gwiwa. Mai tsara wasa sai ya ɗauki waɗannan ya rage musu sauri, ko ya maimaita su, ko ya sa mutum ashirin su yi su tare, ya cire kayan aikin daga hannu ya bar motsin kawai. Jifan birgi ba tare da birgi ba, idan mutum ashirin suka yi shi lokaci ɗaya, yana da kwarjinin da ba ya buƙatar bayani.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa yara su riƙa kaɗa hannuwa wai suna kwaikwayon igiyar ruwa, ko a shimfiɗa shuɗin ƙyalle ana girgizawa. Kogunanmu ma ba shuɗi ba ne, da damina ja ne ko ruwan ƙasa. Wani kuskuren shi ne a ɗauko takun koroso ko na wata rawar da aka saba a liƙa mata sunan kogi. Mai sana'ar da aka ari motsinsa shi ne alƙali, idan ya ce ba haka ake yi ba to a gyara. Game da haƙƙinsa a kan abin da ya bayar, a duba amsar da ta shafi kuɗi da mallaka a ƙasa.

Waɗanne kayan kiɗa ne suka fi dacewa?

Na farko shi ne kiɗan ruwa, wanda matan Hausawa suka daɗe suna yi a cikin gida lokacin biki: a zuba ruwa a masaki ko babban baho, a kife ƙwarya a kai, a riƙa bugun bayanta da 'yan sanduna. Muryarsa tana da zurfi, kuma tana sauyawa gwargwadon iskar da aka bari a ƙarƙashin ƙwaryar, ta yadda idan aka ɗan karkata ta iska ta fita sai sautin ya canza. Ƙwarya uku masu girma dabam-dabam sun isa su riƙe wasa gaba ɗaya. Sai goran masunta, wanda ake iya bugawa ko girgizawa, da gefen kwale-kwale, da tulu, da shantu, da sarewa. Ana kuma iya kaɗa fuskar ruwan da tafin hannu, abin da duk yaron da ya yi wanka a rafi ya iya, wanda matan Baka na dazukan Kamaru suka mayar da shi cikakken kiɗa.

Kalangu da ganga suna da wurinsu, musamman idan masuntan garin suna da takensu da makaɗinsu, amma a kula domin suna danne ƙananan sautuka. Haka ma lasifika. Idan janareta yana ruri a bakin ruwa, an kori abin da aka zo saurare, don haka batir ya fi.

Wannan bai saɓa wa addini ba? Mun ji ana danganta ruwa da iskoki.

Tambaya ce ta gaskiya, kuma ɓoye ta ba ya amfani. A tarihi akwai al'adun ruwa da suke haɗe da bori da tsafi. Sarkin Rafi sananne ne a cikin iskokin bori, kuma a wajen Songai da Zabarmawa akwai Harakoi Dikko da ake dangantawa da kogin Kwara. Aikin da muke magana a kai ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan, babu kiran iska, babu yanka, babu hawa. Abin da ake nunawa shi ne sana'a, da tarihi, da halin da ruwa yake ciki. Idan tsofaffi suka ba da labarin abin da kakanninsu suke yi, ana iya adana shi a matsayin tarihi ba tare da an kwaikwaye shi a fili ba.

Hukunci a kan kiɗa da rawa kuwa na malamai ne, kuma garuruwa sun bambanta a abin da suke karɓa, shi ya sa aka sa limami cikin waɗanda za a fara gaisarwa. A inda ba a yarda da ganga ba, an ga ana yin aikin da waƙar baka da sautin ruwa da nuna motsin sana'a kawai, kuma bai rage komai ba. A kiyaye lokutan salla, a kiyaye sutura. Sau da yawa limamin da aka tuntuɓa tun farko shi ne yake kawo gudummawar da ta fi kowacce, domin zai tuna wa jama'a aya ta 30 ta Suratul Anbiya, wadda ta ce daga ruwa aka yi kowane abu mai rai, da hadisin da ya hana yin fitsari a ruwan da ba ya gudu.

Mata za su iya shiga?

Idan babu su aikin bai cika ba, domin su ne suke da wanki, da ɗibar ruwa, da banda, da yawancin waƙoƙin. Ba dole ne su fito fili ba. Ana iya yin zamansu a cikin gida, mace ta jagoranta, mace ta ɗauki sauti, sannan a saka muryoyinsu da kiɗan ruwansu a ranar wasa idan su da mazajensu sun amince. Wasu ƙungiyoyi sukan ware rana guda ta mata zalla.

Wane lokaci ne ya fi dacewa a shekara?

Bayan an gama kaka, daga Disamba zuwa Maris, lokacin da manoma suka samu sarari kuma ruwa ya kwanta. Bikin Argungu ma a wajajen Fabrairu da Maris ake yin sa. Masu ba da tallafi sukan so a haɗa wasa da Ranar Koguna ta Duniya, wadda take faɗowa a Lahadi ta huɗu ta watan Satumba, amma a ƙasarmu wannan shi ne lokacin da koguna suke cika suna batsewa, don haka idan an matsa sai an yi a ranar, a yi a kan tudu. Ranar Ruwa ta Duniya, 22 ga Maris, ta fi dacewa da yanayinmu, idan ba ta faɗo cikin azumi ba.

Mutanen bakin Kwara suna da nasu lissafin dabam. Ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini yakan yi watanni yana ratsa fadamun Mali kafin ya iso, saboda haka kogin yakan sake cika a tsakiyar rani, wajajen Disamba zuwa Fabrairu, a yankin Yamai da Gaya har zuwa Yawuri. Wanda ya zo daga Kano yana zaton rani yana nufin ƙarancin ruwa zai sha mamaki. A tambayi Sarkin Ruwa kafin a sa rana, kuma a fara shiri aƙalla wata biyu kafin lokacin, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

Waɗanne haɗura ne ya kamata a kiyaye?

Na farko nutsewa. A watan Mayun 2021 jirgi ya kife a kusa da Warra ta ƙaramar hukumar Ngaski a jihar Kabi, mutane masu yawan gaske suka rasu, kuma a Nuwambar 2021 wani ya kife a Bagwai ta jihar Kano da yara 'yan Islamiyya a ciki. Lodin da ya wuce kima yana cikin abin da aka fi dangantawa da irin waɗannan haɗura. Ƙa'idar ita ce duk wanda zai hau jirgi ya sa rigar kariya, ɗan fito ne yake faɗin adadin mutane, ba a tafiya bayan magariba, kuma a ajiye gwanayen iyo a jirgi na dabam waɗanda ba su da aikin komai sai sa ido. 'Yan kallo su ma haɗari ne, domin gaɓar yashi takan zabtare idan jama'a suka taru a bakinta. A ja igiya nesa da ruwa.

Na biyu tsargiya, wadda ake ɗauka ta fata a ruwan da ba ya gudu sosai inda ƙananan dodon koɗi suke, alamarta kuma fitsarin jini. Yaran da ba su saba shiga ruwan ba kada a sa su ciki saboda wasa. Wanda ya ga alama ya je asibiti, akwai maganinta. A inda akwai dorina ko kada, maganar masunta ita ce doka.

Mutanenmu suna da ƙorafi a kan madatsar ruwa da ambaliya. A sa wannan a cikin wasa ko a kauce masa?

Ba zai kaucu ba. Kusan kowane babban kogi a Arewa an datse shi a cikin shekaru sittin da suka wuce. Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, tsohuwar Bussa ta nutse, aka tayar da mutane sama da dubu arba'in, cikinsu har da Gungawan da suke zaune a tsibirai. Madatsar Bakolori da aka gama a 1978 ta rage ambaliyar da manoman fadamar Sakkwato suke dogaro da ita, kuma a Afrilun 1980 jami'an tsaro suka buɗe wuta a kan manoman da suke zanga-zangar neman diyya. Madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992 sun sauya tafiyar ruwa zuwa fadamun Haɗeja da Nguru, inda ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da gonaki. A ɗaya gefen kuma ga ambaliyar 2012 da ta 2022, da ɓallewar madatsar Alau da ta shanye Maiduguri a Satumbar 2024. Duk tsohon da aka ce ya ba da labarin kogi, a ɗaya daga cikin waɗannan zai tsaya.

Shawarata ita ce a bar mutane su faɗi abin da ya same su, amma kada mai tsara wasa ya ɗora musu fushin da ba nasu ba, kuma kada a bar wani ɗan siyasa ya mayar da filin dandalin kamfe. Madatsun nan sun kawo lantarki da ruwan sha da noman rani ga wasu, kuma mai yiwuwa waɗanda suka amfana suna cikin 'yan kallo. Idan akwai waɗanda ruwa ya ci 'yan'uwansu, a nemi yardarsu kafin a taɓa labarin, kada a kama suna sai sun ce a kama. Jera sunayen gurabun kamun kifi da suka ƙafe, ɗaya bayan ɗaya, da murya ɗaya ba kiɗa, ya fi doguwar waƙar zargi ratsa jiki.

Wa ya mallaki waƙoƙi da sautin da aka ɗauka, kuma ana biyan mahalarta?

Masuncin da ya bar kamun yini guda ya zo ya koyar da jifan birgi ya yi asarar abincin gidansa na ranar, don haka a biya shi, haka ɗan fito da makaɗi da matar da ta ba da waƙa. A faɗi adadin tun farko a gaban shaidu. Idan akwai tallafi daga waje, a bayyana wa shugabannin da aka gaisar nawa ne da yadda za a kashe shi, domin zargin cin kuɗi ya rusa ayyuka irin wannan fiye da rashin kuɗin.

Kirari da take na gidan da suka gada ne, aro aka ba ku. A ɗauki amincewar kowane mutum da muryarsa a farkon naɗin, a faɗa masa ko za a sa a YouTube ko rediyo, kuma idan ya ce wani baiti ba na fita ba ne, a goge shi a gabansa.

Bayan an gama wasa, me za a yi da abin da aka tara?

A fara nuna wa garin kafin kowa, a fili, da daddare, ko da a jikin farin bango ne. Sannan a yi kwafi aƙalla uku: ɗaya a hannun Sarkin Ruwa ko fada, ɗaya a makarantar garin, ɗaya a wurin ƙungiyar da ta shirya. Katin waya yana lalacewa kuma yana ɓata, don haka a riƙa sabunta kwafin, a kuma rubuta jerin abin da ke ciki a littafi. Gidajen rediyon jiha sukan karɓi irin wannan sauti idan an gyara shi ya zama shiri na minti goma sha biyar, bisa sharaɗin amincewar da aka yi bayani a amsar da ta gabata.

Abin da ya fi amfani shi ne a koma wuri ɗaya, a wata ɗaya, a sa'a ɗaya, kowace shekara, a sake ɗaukar minti goma. A sa alama a wurin, ko bishiya ko dutse, a damƙa aikin ga ɗalibai biyu da malami ɗaya, kuma idan ɗaliban za su bar makaranta su nuna wa na bayansu inda ake tsayawa da inda ake fuskanta.